Ɗinki Biyu

Shafi na 19

Masu cika min akwatin saƙo da cewa Omwati ta cika sanyi, wai mace ce marar zuciya, duk na gani, amsawa ce ban yi ba. Ku karanta wannan tukuna.

*

Motar Meerut ta sauke Jagmal a bakin titi da rana tsaka. Daga nan zuwa ƙauyensu mil biyu ne ta cikin gonakin rake. Wani mai keken shanu ya yi masa tayin hawa, ya ɗaga masa hannu kawai ya wuce. Takardar likita tana aljihun rigarsa, ya naɗe ta gida huɗu, gumi ya jiƙa ta sharkaf.

Ba don yana zargin kansa ya je asibiti ba. Shekara goma ke nan da aurensa da Omwati, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Sau biyu ana yi mata wankin mahaifa. Da aka koma na uku sai likitar mata ta ajiye alƙalami, ta ce ba za ta ƙara taɓa matar nan ba sai an gwada mijin. Maganar ta ƙona masa rai. Ya je ne don ya karɓo takarda ya kawo ya shimfiɗa mata a kan tebur, ta san da wanda take magana. Makon jiya aka ɗauki gwajin. Yau da ya koma, maimakon a miƙo masa sakamako sai aka tura shi wurin wani dattijon likita mai fiɗa. Dattijon ya sa shi ya kwanta, ya lalluba marainansa da yatsu biyu, hagu da dama. Sannan ya tambaye shi, kamar mai tambayar farashin albasa, wace shekara aka yi masa nasbandi.

Dariya Jagmal ya yi. Ya ce shi ba a taɓa yi masa aikin tsayar da haihuwa ba, gwaiwa ce dai aka zuƙe masa ruwanta tun yana saurayi. Likitan bai yi musu ba. Ya kamo hannun Jagmal ya ɗora masa a kan wani ɗan ƙulli, ya matsar ya ɗora a kan wani. Ya ce zuƙe ruwan gwaiwa allura ɗaya ce, ba ta buƙatar ɗinki biyu. Jijiyoyin da ke ɗauko iri an yanke su an ƙulle, duka biyun, irin aikin da aka yi wa dubban maza a shekarar dokar ta-ɓaci. Ya ce a Delhi akwai masu gwada haɗawa, amma bayan shekara goma sha biyu kada ya sa rai da yawa.

Yanzu ga shi yana ratsa raken nan da ya san shi kamar tafin hannunsa. A cikinsa ya ɓuya kwana tara a waccan shekarar, shi da rabin mazan ƙauye, lokacin da motocin gwamnati ke zagayawa suna kwasar maza a kasuwa da tasha. Yana da shekara goma sha tara, bai yi aure ba. A rana ta goma yayansa Dharampal, malamin makarantar firamare, ya shigo gonar da kansa yana kiran sunansa. Ya ce masa ya fito, babu mai taɓa saurayi, doka kan masu 'ya'ya take. Ya ce tunda likitoci sun cika garin, gara a duba masa kumburin nan kafin maganar aure ta taso. A bayan kekensa ya goya shi. Ta ƙofar baya suka shiga ƙaramin asibitin, ba su bi layin mutanen da ke tsugune a rana ba. Aka yi masa allura, kansa ya yi nauyi. Da ya farka yayansa na zaune kusa da shi yana yi masa fifita da jarida, har da madara mai zafi ya sayo masa.

Shekara goma sha biyu yana tuna madarar nan a matsayin alheri.

A bakin ƙauye masu dafa mazarƙwaila sun hura wuta. Ratiram na tsaye kan kaskon yana juyawa, ya hango shi ya ɗaga murya yana tsokana, wai daga birni ba ko tsarabar alewa. Ratiram na cikin waɗanda aka kama a tasha aka yi wa aikin a waccan shekarar. Tun daga lokacin Jagmal ba ya kiran sa sai da Taure, a gona, a wurin biki, a gaban matarsa. Yau kuwa ya kawar da ido. Ya sunkuyar da kai ya ƙara sauri.

Lahadi ce, babu makaranta. Dharampal na zaune kan gadon igiya a ƙarƙashin dalbejiya, tabarau a kan hanci, yana duba takardun jarrabawa, tukunyar tabarsa a gefe. Matarsa ta tafi biki garinsu da yaran duka, gidan shiru. Mahaifiyarsu Chandro na bakin ɗakinta tana tsince shinkafa a faifai. Can wajen garken ɓauna Omwati ce durƙushe tana sarar ciyawa, lulluɓinta ya sauko har haɓa kamar kullum idan yayan mijinta na tsakar gida.

Chandro ce ta fara ganin sa. Ta tambaye shi ko ya samo takin da ya ce zai je nema. Kafin ya amsa ta juya wajen garke, ta ce wa Omwati ta tashi ta kawo wa miji ruwa, tunda dai ruwan tana iya kawowa.

Jagmal bai kalli kowa ba. Ya je ya tsaya a gaban gadon igiyar har inuwarsa ta rufe takardun. Ya zaro tasa takardar, ya warware, ya ɗora a kan na yaran makaranta.

"Bhai Sahab, babban yaya, kai ne mai karatu a gidan nan. Karanta mana."

Dharampal ya gyara tabarau yana murmushi. Idonsa ya sauka layi ɗaya, biyu. Murmushin ya tsaya inda yake, bai ƙaru ba, bai tafi ba. Ya ninke takardar a hankali, ya ce su shiga ɗaki su yi magana.

"A nan," in ji Jagmal. "Da ƙarfi. Yadda kake karanta wa yara."

Dharampal ya ce likitocin birni 'yan kasuwa ne, kowa ya shiga hannunsu sai sun samo masa cuta. Ya ce ana yin kuskure a gwaji, shi da kansa ya san wani a Shamli da aka ce ba zai haihu ba, yanzu 'ya'yansa huɗu. Yana magana yana tattara takardun jarrabawa, yana daidaita bakinsu, yana sake daidaitawa.

"Ɗinki nawa ake yi wa mai gwaiwa?"

"Ni ba likita ba ne, Jagmal."

"Amma kana cikin ɗakin."

"A waje na tsaya."

"Da na farka kana ciki. Kana min fifita."

Omwati ta iso da kofin ruwa. Ta tsaya nesa kaɗan, ta miƙo hannu, ba wanda ya karɓa.

Jagmal ya ce, "Dharampal."

Tunda aka haife shi bai taɓa kiran sunan nan gatsau ba. Chandro ta ajiye faifai. Dharampal ya cire tabarau ya riƙe a hannu, ya daɗe yana kallon su kamar ba nasa ba.

Da ya fara magana muryarsa ƙasa-ƙasa take. Ya ce Jagmal yaro ne a lokacin, bai san abin da ake ciki ba. Takarda aka aiko wa kowane malami daga ofishin ilimi: ko ka kawo mutum biyu a yi musu, ko kai ka kwanta a yi maka, ko ka ajiye alli ka koma gida. Ya samu mutum ɗaya, wani tsoho mai gadin makaranta da matarsa ta daɗe da mutuwa. Na biyun ya gagara. Ya bi gida-gida, ana rufe masa ƙofa, iyayen yaransa na tofar da yawu in ya wuce. Ranar Juma'a wa'adin zai cika. Shi kuma a lokacin 'ya'yansa mata biyu ne kacal.

"Sai ka tuna kana da ƙane a cikin rake."

"Sun ce min ana kwancewa. Malamin asibitin ya rantse min, ya ce in abubuwa sun lafa aikin minti goma ne a mayar."

"Abubuwa sun lafa bayan wata biyar. Ina ka shiga?"



Jagmal ya tambaye shi yadda aka yi suka karɓi saurayi, tunda doka kan masu iyali take. Dharampal ya ce a takarda an rubuta masa shekara talatin da shida da 'ya'ya huɗu. Babu wanda ya ɗaga kai ya dubi fuskarsa. A ranar mutum ɗari da wani abu aka yi wa.

"'Ya'ya huɗu," in ji Jagmal. Ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Ashe ina da 'ya'ya. Ina ka ajiye min su? Ka sa musu suna?"

"Jagmal, don girman Allah."

"Kai ka haifi naka maza biyu bayan nan. Ni na ɗauke su a kafaɗa na kai su kallon kokawa. Ni na saya wa babbansu keke. Duk lokacin kana kallo na."

Kofin hannun Omwati ya karkata, ruwan na zuba a kan ƙafarta, ba ta ko motsa ba. Sai a lokacin Jagmal ya juya ya dube ta, kuma abin da ya gani ya fi masa takardar ciwo. Ya ga hannunta, siriri kamar sillen kara. Ya tuna azumin kowace Litinin na shekara tara. Ya tuna jiƙe-jiƙen da ta sha har ta yi amai da jini, da zaren da ta ɗaura a kabarin kowane waliyyi daga nan zuwa Saharanpur, da wankan kogin Ganga cikin sanyin da ke fasa dutse. Ya tuna ranar sunan ɗan Dharampal na biyu, da aka ce ta zauna a ɗaki kada inuwar juya ta faɗa kan jariri, ta wuni tana jin kiɗa ta bango. Ya tuna kuma, don ba yadda zai yi ya ƙi tunawa, ranar da shi da kansa ya mare ta a gaban garke, ya ce ɓaunar da ba ta haihuwa ma ana kai ta kasuwa.

Ya so ya ce mata wani abu.  Sai duk abin ya koma hannunsa, ya shaƙo wuyan rigar Dharampal ya miƙar da shi tsaye. Takardun jarrabawa suka watse a ƙasa, tukunyar taba ta kife. Dharampal bai kare kansa ba. Hannayensa na lilo a gefe, hawaye na bin gemunsa.

"Sake shi."

Chandro ce. Ba ta tashi daga inda take ba, ba ta ɗaga murya ba.

"Inna, ba ki ji abin da ya yi min ba?"

"Na ji. Na ce ka sake shi. Shi ɗan aike ne."

Hannun Jagmal ya saki da kansa.

Tsohuwar ta kakkaɓe shinkafar da ta maƙale a zaninta, ta faɗi maganar tiryan-tiryan kamar mai ba da labarin damina. Ta ce daren Laraba Dharampal ya zo mata yana kuka, ya ce gobe zai je ya kwanta a yi masa, ya huta. Ita ta hana. Shi ne babba, shi ke da aikin gwamnati, shi ke riƙe da gidan tun rasuwar ubansu, kuma bai samu namiji ba tukuna. Idan aka yanke shi sunan gidan ya tsaya a kan 'yan mata biyu. Shi kuwa Jagmal ga kumburi a gabansa, tsofaffi sun ce mai irin wannan da wuya ya haihu ko ba a taɓa shi ba. Ta auna, ta ga wanda asararsa ta fi sauƙi. Ita ta gaya wa Dharampal ɓangaren gonar da Jagmal ke ɓoye, don ita ke kai masa gurasar roti da asuba.

"Uwa mai 'ya'ya biyu, aka ce dole ta ba da ɗaya," in ji ta. "Kai da ka ba da wa?"

Jagmal ya ja da baya. Ya zauna a bakin gadon igiyar, inda yayansa ya tashi.

"Kin sani," ya ce. "Tun ranar farko."

"Na sani."

"Kika je kika nemo min mata."

"Da zama za ka yi tuzuru mutane su fara tambaya?"

Kofin ya faɗi ƙasa. Omwati ta sa hannu biyu ta kama bakin lulluɓinta ta yaye shi baya gaba ɗaya, har gashinta ya fito. Shekara goma Dharampal bai taɓa ganin fuskarta ba. Ya kawar da kai da sauri kamar an watsa masa barkono. Ita kuwa ba shi take kallo ba. Ta taka har gaban surukarta ta tsaya.

Muryarta ba ta rawa. Ta tambayi tsohuwar ko ta tuna ranar da ta kai ta wurin bokan nan na bakin kogi, wanda ya ɗora mata ƙarfe mai zafi a mara. Chandro ta ce ta tuna. Ta tambaye ta ko ta tuna ita ce ta danne mata kafaɗu. Ta ce ta tuna.

"Kina danne ni, kin san ba ni da komai."

"Na sani."

"Kullum da safe in na fito sai ki juya fuska, wai kada ki fara ganin juya. Kin san ba ni ba ce."

"To in ban ce ke ce ba, wa za a ce?"

 Chandro ta ci gaba, yanzu da ɗan zafi a muryarta. Ta ce mace in an kira ta juya, ta sha kuka ta share hawaye, gobe ta ɗora tukunya. Namiji in aka san an taɓa shi ya gama yawo, ko a taron ƙauye ba zai ƙara buɗe baki ba. Ta ce Jagmal ya dubi yadda shi da kansa ya mayar da Ratiram. Ɗanta ta rufa wa asiri, kuma ko yau aka dawo da ita baya abin da za ta yi ke nan. Ta ce ai ba a bar ta da yunwa ba, ba a kore ta ba, wata surukar da tuni ta sa an mayar da ita gidan ubanta.

Jagmal ya miƙe ya nufi matarsa. Ya kai hannu zai taɓa kafaɗarta, ta matsa gefe ba tare da ta dube shi ba. Ya ce mata bai sani ba, ya rantse da duk abin da ta yarda da shi bai sani ba. Ta ce ta yarda. Ta ce amma marin da ya yi mata, shi ya san ya yi.

Ta shiga ɗakinsu. Suna jin ta tana jan akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Dharampal ya durƙusa yana tsince takardun yara ɗaya bayan ɗaya, yana cewa zai kai Jagmal Delhi, ko gonarsa ce zai sayar, za a haɗa, likitocin yanzu ba irin na da ba ne. 

Ba ta daɗe ba ta fito da ƙullin kaya ƙarami a hammata. Kanta a buɗe har yanzu. Ta cire awarwaron gilashin da ke hannunta, ba ta fasa ba kamar yadda mai takaba ke yi, ta jera su a bakin rijiya. Jagmal ya tare ƙofa, ya roƙe ta ta bari rana ta yi sanyi, shi zai raka ta duk inda take so. Ta ce ya matsa. Ta ce motar ƙarfe uku za ta bi zuwa Barla, gidan ubanta, inda aka san ita mutum ce. Za ta zauna a gabansa ta faɗa masa komai, shi kuma ya tara dattawan ƙauyuka biyun, a karanta takardar nan a gaban kowa.

Sai Chandro ta yi dariya. 'Yar gajeriya, ta hanci.

"Je ki, 'yar Barla. Hanya a buɗe take. Ki gaishe min da Tejram."

Omwati ta tsaya, don tsohuwar ba ta taɓa kama sunan mahaifinta ba.

"Inna, ya isa," in ji Dharampal daga durƙushe. "Don Allah ya isa haka."

"Bai isa ba. Tunda yau ranar tone-tone ce, a tone duka." Ta ɗauki faifanta ta ɗora a cinya. "Ba ki taɓa tambayar kanki ba? Mutum mai 'ya'ya mata biyar, ma'aikacin ƙaramin asibiti, ko keke ba shi da shi. Muka ɗauke ki ba mu nemi ko cokali daga gidanku ba. Gida mai gona da ɓauna shida. Kyanki ne ya ruɗe mu?"

Omwati ta juyo a hankali.

"Wane asibiti babanki ya yi aiki kafin a mayar da shi Barla?"

Jagmal ya dubi yayansa. Dharampal ya rufe fuska da takardun da ke hannunsa.

"In kin isa," in ji Chandro, tana tsince wani ɗan tsakuwa daga cikin shinkafa, "kafin ki fara ba shi labari, ki tambaye shi wa ya riƙe ƙafafun mijinki ranar da aka yi masa aikin."